Tsakanin Shuɗi da Ruwan Toka

A cikin abubuwan da mutum yakan zaɓa a zaman duniya, akwai waɗanda yakan zaɓa da safe ya sake da yamma, kamar hula ko takalmi, akwai kuma waɗanda idan ya zaɓa sai ya zauna da su shekara da shekaru, ko yana so ko ba ya so. Launin bangon ɗaki yana cikin kashi na biyu. Riga idan ta gundure ka sai ka tuɓe ka rataye, amma bango shi ne abin da ido yake fara gani idan an farka, shi ne kuma abin da yake gani na ƙarshe kafin barci. Duk da haka da wuya ka ji an zauna an yi shawara a kansa a gidajenmu. Galibi mai fenti ake bar wa, shi kuwa sai ya shafa abin da ya ga ana yayi a unguwa, ko kuma abin da ya rage masa a bokiti daga aikin jiya.

Abin da nake so in kawo gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne wata shawara da ta taso a gidanmu a kan launi biyu, watau shuɗi mai duhu da ruwan toka mai sirkin ƙasa-ƙasa, wanda masu sayar da fenti suke ce wa mai ɗumi, suna bin maganar Turawa. Maganar a ido ƙarama ce, amma sai da ta kai mu ga sana'ar gidanmu, da harshenmu, da kuma tambayar da ta fi su duka nauyi, watau wane ne ake yi wa ɗaki ado dominsa.

Mahaifinmu marini ne, ɗan marini, a wani gari da ke kudu da birnin Kano. Ya yi fiye da shekara 40 a bakin karofi, har ma lokacin da muke yara ba mu taɓa ganin tafin hannunsa babu shuni ba. Yanzu shekarunsa sun haura 75, ƙarfi ya ja baya, gani ma ya soma raguwa, yawancin yininsa kuwa a ɗaki yake yin sa, tsakanin Alƙur'aninsa da 'yar rediyonsa. Da damina ta yi wa ɗakinsa na ƙasa lahani har azara ta soma saki, sai muka haɗa hannu, ni da wana da ƙanwata, muka gina masa na bulo da siminti. Ɗakin ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi, da taga ɗaya mai duban arewa, da ƙofa mai buɗewa tsakar gida. Da aka gama shafe, saura fenti, sai aka ɗora mini sayensa, don ni ne nake hutu a lokacin. A nan ne ra'ayi ya rabu biyu.

Wana, wanda shi ne ya ɗauki mafi yawan kuɗin ginin, ya ce shuɗi mai duhu za a shafa, bango huɗu. Hujjarsa kuwa ba ta wasa ba ce. Ya ce a cikinmu babu wanda ya gaji sana'ar tsoho, ramukan unguwarmu kuma yawancinsu sun cike da ƙasa da shara, yaran da suke tasowa ba su ma san abin da aka yi a wurin ba. Saboda haka yana so duk wanda ya shiga gaishe da tsoho, tun daga bakin ƙofa bango ya gaya masa ɗakin wane ne ya shiga. Ƙanwata kuwa, wadda take aikin jinya, ta ce ita dai ruwan toka mai haske take so, domin tsoho ɗaki yake bukata da zai ga takalminsa a ciki da asuba ba tare da lalube ba.

Bari in fara da ɓangaren wana, domin duk wanda ya san tarihin ƙasar Kano zai ji maganarsa ta taɓa shi. Marinar Ƙofar Mata da ke cikin birni ana cewa tun shekarar 1498 take. Da Dokta Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, abin da ya fi jan hankalinsa a cinikin garin shi ne tufafin da ake saƙawa a rina, waɗanda ya ce ana kai su har Tumbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi da rawanin nan mai walƙiya da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye suke ji da shi har yana zuba a fatarsu suna alfahari. Kore kuwa, watau baƙar rigar nan da ta sha rini ta sha bugu, tufar manya ce. Ashe ke nan shuɗi mai duhu a wurinmu launi ne na girma da wadata, wanda ya ci da gidaje masu yawa shekaru aru-aru. Wanda ya so ya lulluɓe ɗakin ubansa da shi bai so masa abin banza ba.

Amma fa akwai abin lura. Shuɗin da ke cikin gwangwanin fenti ba shi da dangantaka da ganyen baba, sai dai kama. Tun a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bayan aikin da wani masaninsu mai suna Baeyer ya yi, wannan kuwa yana cikin abubuwan da suka karya kasuwar baba a duniya, tun daga Indiya har zuwa kanmu. Yawancin fentin shuɗi na yanzu ma daga wani sinadari dabam ake yin sa, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1935. Shuɗin marina kuwa abu ne mai rai. Ana tsoma zane a rami ya fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa, a sake shanyawa, kowane tsomi yana ƙara masa duhu, sa'an nan a kai mabuga a buge shi da shuni har ya riƙa ɗaukar ido. Kyansa a rana yake fita, idan mai shi yana tafe haske yana wasa a jikinsa. Bango kuwa a tsaye yake wuri ɗaya cikin inuwa.

Harshenmu ma yana da abin da zai faɗa a kan wannan. A 1969 wasu masana biyu na Amurka, Berlin da Kay, sun kawo ra'ayin cewa harsunan duniya sukan fara da sunan fari da baƙi, sa'an nan ja, sai kore da rawaya, sai shuɗi, launi irin na toka kuwa yana cikin na can ƙarshe. An yi ta gardama a kan wannan ra'ayi, amma idan muka duba Hausa za mu ga alamarsa. Fari da baƙi da ja su ne masu cikakken iko, kowanne da amsa-kamarsa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Shuɗi yana da sunansa na kansa, da tamatarsa shuɗiya, da jam'insa shuɗɗa. Ruwan toka kuwa ba shi da sunan yanka, aro ya yi daga murhu, kamar yadda ruwan ɗorawa da ruwan goro da ƙasa-ƙasa suka yi aro. Wani abu kuma, Bahaushe idan shuɗi ya yi duhu sosai ba ya ƙara kiransa shuɗi. Baƙar riga da baƙin rawani da ake faɗa, ai shuɗi ne da ya kai matuƙa. Harshe dai ya riga ya gaya mana inda shuɗi mai duhu yake ƙarewa, kuma na ga gaskiyar haka da na koma ga maganar haske.

Hasken da yake sauka a kan takardar da mutum yake karantawa a cikin ɗaki ba duka ne yake zuwa kai tsaye daga taga ko fitila ba. Kaso mai yawa sai ya bugi bango da silin tukuna ya dawo. Manyan kamfanonin fenti suna da ma'auni daga 0 zuwa 100 na yawan hasken da kowane launi yake mayarwa. Shuɗi mai duhu galibi ba ya kai 10, ruwan toka mai haske kuwa yakan kama daga 50 zuwa 65. To, a ɗauka na farko 8 ne, na biyu 60. Idan haske ya bugi bango ɗaya ya tsallaka ya bugi na biyu, abin da zai rage a ɗakin toka-toka shi ne 36 cikin 100, a ɗakin shuɗi kuwa ko 1 cikin 100 bai cika ba. Watau bangon shuɗi shanye haske yake yi kamar yadda rairayi yake shanye ruwa. A gidan da wutar lantarki ba ta yankewa ana iya rufe wannan giɓi da ƙwai uku ko huɗu. Mu kuwa ƙwai ɗaya ne a ɗakin, da 'yar fitilar sola idan an ɗauke wuta.

Ga kuma maganar taga. Littattafan ado na Turai suna cewa ɗaki mai duban arewa haskensa a raunane yake duk shekara, amma wannan lissafin ƙasarsu ne. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana takan karkata ta arewa da mu, tagar arewa ta sami rabonta. Daga nan sai ta koma kudu. Ma'ana, a watannin Disamba da Janairu, lokacin da hazo ya rufe sama, sanyi kuma ya hana tsoho fita sai hantsi, a lokacin ne ɗakin nan yake samun mafi ƙarancin haske. Kwanakin da zai fi daɗewa a ciki su ne kwanakin da zai fi duhu.

A nan ne ƙanwata ta kawo abin da ta sani daga wurin aikinta. Ta ce idon mutum idan ya tsufa, ƙofar da haske yake shiga ta cikinta takan tsuke, madubin da ke cikin ƙwayar idon kuma yakan yi rawaya-rawaya, har likitocin ido suna ƙiyasta cewa hasken da yake isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda yake isa idon ɗan shekara 20 ba. Rawayar nan kuwa shuɗin haske take fara tarewa. Ke nan bangon da mu matasa za mu kalla mu ga shuɗi mai ƙayatarwa, shi mai ɗakin baƙi zai gani. Ta ƙara da cewa faɗuwa a ɗaki tana cikin abubuwan da suka fi kwantar da tsofaffi, ƙashin ƙugu kuwa idan ya karye a wannan shekaru ba kowa ne yake sake miƙewa ba. Da ta faɗi haka sai wana ya yi shiru, amma na ga bai sauka ba.

Sauran hujjojin ƙanana ne, amma suna da nasu nauyi. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta iska take kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, fara-fara ce mai sirkin ƙasa. Idan ta sauka a bango mai duhu sai ta fito ɓaro-ɓaro, ko yatsa aka goga sai ya bar zane, amma a jikin ruwan toka mai ƙasa-ƙasa sai ta saje. Dalili kuwa shi ne, irin wannan fenti da farin fenti ake haɗa shi, a ɗiga baƙi kaɗan, a ƙara ɗan ja ko rawaya na tsatsar ƙarfe, tsatsar nan kuwa ita ce take ba jar ƙasarmu launinta. Sauro ma ya fi son maƙalewa a wuri mai duhu, a baƙin bango kuwa ba za ka gan shi ba balle ka kashe. Game da zafi, mutane sukan ce shuɗi yana sanyaya ɗaki, amma sanyin a ido yake tsayawa. Abin da yake dafa ɗaki shi ne rufin kwano da rashin iska, fentin ciki ba ya canza wannan. Ta wajen kuɗi kuma, bangon ɗaki irin namu, idan aka cire ƙofa da taga, yana wajen murabba'in mita 40, litar fentin ruwa kuwa takan shafe wajen mita 10. Galan ɗaya mai lita 4 ke nan a kowace shafawa. Ruwan toka sau biyu ya isa, shuɗi mai duhu sai sau uku kafin ya daidaita, ranar da aka gaji da shi kuma rufe shi da launi mai haske wani aiki ne.

Kada mai karatu ya zaci ruwan toka ba shi da aibi. Babban aibinsa shi ne rashin magana. Idan ba a yi sa'ar haɗi ba sai ya fito kamar simintin da ba a shafa wa komai ba, mutum ya kashe kuɗi a ce bai gama gini ba. A al'adarmu ma toka ba abin yabo ba ce. Idan aka ce jikin yaro ya yi toka-toka ana nufin ba a kula da shi ba. Wana ya ce shi abin da yake gudu ke nan, a shiga ɗakin tsoho a ga kamar ɗakin jiran asibiti, a ce 'ya'yansa sun yi masa na ganin dama. Haka kuma a 'yan shekarun nan ruwan toka ya zama abin yayi a sababbin gidaje da otal-otal, abin yayi kuwa ba ya daɗewa bai gundura ba.

Aibinsa na biyu shi ne rashin tsayawa wuri ɗaya. Wannan ma wani mai aikin rini ne ya bayyana shi. A 1824 aka naɗa wani Bafaranshe mai suna Chevreul shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Faris, aka riƙa kawo masa ƙara cewa zarensa ba ya fita da kyau. Da ya bincika sai ya tarar laifin ba na rini ba ne, na maƙwabtaka ne, domin ido yakan sauya launi gwargwadon abin da ke kusa da shi. Ya rubuta littafi a kan haka a 1839. Ruwan toka ya fi kowane launi wannan hali. Ka ajiye jar darduma kusa da shi sai ya yi kore-kore, ka rataya shuɗin zane a jikinsa sai ya ƙara ja-ja, shi kuma zanen ya ƙara fitowa. Fitila ma tana juya shi. Ƙwayayen lantarki na yanzu iri biyu ne, mai farin haske wanda akan rubuta 6500 a kwalinsa, da mai ja-ja wanda akan rubuta 2700. A ƙarƙashin na farko ruwan toka yakan koma siminti, a ƙarƙashin na biyu yakan yi taushi kamar rairayin gulbi, shuɗi mai duhu kuwa a ƙarƙashin na biyun baƙi yake komawa sarai.

Da na ga magana ta ƙi ƙarewa, sai na ce gani ya kori ji. Ɗan guntun launin da ke jikin takardar kanti ba abin dogara ba ne, domin launi idan ya sami fili yakan ƙara ƙarfi, ɗanyen fenti kuma dabam yake da busasshe. Na sayo ƙananan gwangwanaye biyu, na sa mai fenti ya shafa kowanne faɗin tabarma a bangon da ke duban taga, muka bar su kwana uku muna dubawa da hantsi da la'asar da bayan lisha. A rana ta uku muka riƙo hannun tsoho muka shigo da shi. Ya tsaya ya daɗe yana duban shuɗin, sa'an nan ya ce, "Wannan ai baƙi ne."

Wana ya yi murmushi, domin a bakin marini idan aka ce abu ya yi baƙi yabo ne, rini ya kama ke nan. Ƙanwata ma ta yi murmushi, domin a wurinta ya tabbatar da maganarta ne. Sai na durƙusa na ce, "Baba, baƙi na marina kake nufi, ko kuwa baƙi na duhu?" Ya ce, "Duka biyun. Wanda ya haɗa shi ya iya, amma ni ba na ganin ƙarshensa, kamar in sa hannu ya wuce." Daga nan ya matsa wajen ɗayan, ya shafa da tafin hannu, ya yi dariya ya ce, "Kai, wa ya kawo muku katsi?"

Ga wanda bai tashi a marina ba, bari in yi bayani. Ramin rini ba baba kaɗai ake zuba masa ba. Sai an haɗa da ruwa da toka da katsi, a riƙa motsawa da muciya kwana da kwanaki har ya nuna, domin idan babu kaifin toka baba ba ya sakin launinsa. Idan rami ya gama aikinsa ya mutu, sai a kwashe dagwalon da ya kwanta a ƙasa, a cura, a shanya, a ƙone. Abin da ya fito shi ne katsi, launinsa kuwa toka-toka ne. Wani a mayar da shi cikin sabon rami, wani kuma magina su saya su haɗa da gashin jima da dafara su yi laso, wanda da shi ake shafe cikin ramukan rinin kansu, da rufin soraye da bangon masu hali, don kada ruwa ya ci su. Launukan nan biyu da muka ɗauka kishiyoyi ne, ashe daga rami ɗaya suka fito. Toka ce take tayar da shuɗi, idan shuɗi ya ƙare kuma toka yake komawa.

Tsoho ya dubi wana ya ce, "Na san abin da kake nufi, Allah ya yi maka albarka. Amma mu shuɗi na tufa ne, a sa a fita a gan shi. Bango kuwa katsi muka san ana shafa masa. Ni dai ku bar mini inda zan ga baƙin Alƙur'ani." Wana ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu uku mun yi mako biyu muna auna ɗakin da idanunmu, alhali idon da zai zauna a ciki dabam ne.

Abin da aka yi a ƙarshe shi ne, aka shafa ruwan toka mai sirkin ƙasa-ƙasa a bango huɗu, aka bar silin fari, aka sa ƙwai mai ja-ja. Ƙofa da dokin ƙofa da taga kuwa aka shafa musu shuɗin nan mai duhu, na fentin mai. Wannan shawarar ƙanwata ce, kuma ba don lallashin wana kaɗai ta kawo ta ba. Ta ce idon da ya raunana da bambancin duhu da haske yake gane hanya, ƙofa mai duhu a jikin bango mai haske kuwa ko da asuba ba ta ɓacewa. Wana kuma ya buɗe adakar tsoho ya ɗauko wani ɗan Kura da tsohuwar korensa, ya kafa ƙusa ya rataye su a bangon da ke duban ƙofa. A jikin ruwan tokan sai suka fito da wani irin kwarjini da ba za su taɓa yi ba a jikin shuɗin bango, inda da sun nutse ba a gan su ba. Masu zuwa gaisuwa yanzu sukan tambaya, tsoho kuwa ya sami abin hira.

Ba ina nufin shuɗi mai duhu ba shi da wuri a gidajenmu ba ne. Da falo ne babba mai tagogi ta gabas da yamma, ko ɗakin kwanan saurayi mai lafiyar ido wanda ba ya shigarsa sai dare, ko wurin da wuta take tsayawa, da ni ma shi zan zaɓa, domin yana da natsuwa da kwarjini da ruwan toka ba zai taɓa kamowa ba. Kakanninmu ma sun san daɗin soro mai duhu idan an shigo daga ƙwallelliyar rana. Abin da nake cewa shi ne, kafin a tambayi wane launi ya fi kyau, a fara tambaya tukuna: wa zai zauna a ɗakin, shekarunsa nawa, me yake yi a ciki, da wane lokaci, ina taga take duba, wace fitila ake kunnawa? Idan aka amsa waɗannan, sau da yawa launi da kansa yakan fito.

Akwai abu ɗaya da ya rage da ya shafe mu a wannan sashe. Ranar da na je kantin fenti, ni da mai kanti duka Hausawa ne, amma da yatsa muka yi ciniki, domin launukan da ke takardarsa sun fi ɗari, kowanne da lamba da sunan Turanci, mu kuwa daga shuɗi sai ruwan toka muka tsaya. Ba kuwa don harshen ya gaza ba ne. Masu dawaki suna rarrabe kili da hurde da bidi da gunya da akawal, masu tufafi suna rarrabe saƙi da dunhu da kore da turkuɗi, tsoho kuma da kallo ɗaya ya sa wa fentin da muka rasa sunansa suna. Kalmomin suna nan a bakin marina da mabuga da majema da magina, sai dai masu su tsufa suke yi. Ina roƙon 'yan'uwana masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa su duba wannan fage, su tafi da littafi da alƙalami su zauna da waɗannan dattawa tun suna da sauran ƙarfin magana. Allah ya sa mu dace.